Rariyar Yaya Shahata

Duk wanda ya sake kiran yayana Shahata mai tsince-tsince a gabana, ruwan shayi zan watsa masa, kuma na riga na watsa wa mutum ɗaya. Tun ina da haƙorana duka nake sayar da shayi a bakin teku a unguwar Mandara, nan Iskandariyya ta Masar. Na ga ɓarayin takalma, na ga masu jiran ka shiga ruwa su zare maka waya daga aljihun riga. Yayana ba ya cikinsu, kuma duk Iskandariyya babu wanda zai ce ya taɓa ganin ya ɗauki abin wani.

Da can masunci ne kamar ubanmu. Jan taru ya ci masa kafaɗar dama, har ya kai ba ya iya ɗaga hannu ya sa hula sai ya karkace. Da masu jirgi suka daina ɗaukarsa, wani abokinsa da ya dawo daga Italiya ya bar masa na'urar neman ƙarfe, irin wadda ake shafa ta a kan yashi, idan ta ji ƙarfe ta yi maka kuka a kunne. Mutane suna ganin na'urar ce ke aikin. Ƙarya ne, ita kuka kawai ta iya. Mai aikin ita ce rariya: wani kwano mai huji-huji a kan doguwar ƙota, ka taka shi da ƙafa ya nutse, ka ɗago shi cike da jiƙaƙƙen yashi, ka girgiza har yashin ya zube, abin da ya rage ka gani. Yawanci murfin kwalba ne. Haka zai yi ta yi daga hantsi har rana ta faɗi.

Rariyarsa ta farko Usta Ragab maƙeri ne ya yanko masa ita daga tsohon bututun ƙarfe. Nauyinta kamar tukunyar gas. Amma hujin nata, Yaya ne ya tsaya a kai aka yi su ƙanana, ko ƙwayar wake ba ta wucewa. Dalilinsa shi ne abin da ya fi ɓata a wannan gaɓar ɗan kunnen yara ne, wanda ake sa wa jaririya ranar suna, ɗan mitsitsi, igiyar ruwa ɗaya ta fizge shi.

A jikin rumfar shayina akwai wayar ƙarfe da ya ɗaura, a nan yake rataye zobban aure. Mutanenmu ba sa sa zoben aure sai an zana sunan miji ko na mata a cikinsa, shi kuwa Yaya ya rantse ba zai sayar da abin da ke ɗauke da sunan mutum ba. Wanda ba shi da suna, idan bazara ta wuce ba a zo nema ba, ya kai wa mai zinare, da shi da 'yan kwabban da yake samu ake cin abinci. Mai suna kuwa yana nan a waya har mai shi ya zo. Na ga ƙaton soja ya karanta sunan matarsa a cikin zobe ya fashe da kuka a kan kujerata.

Bara kafaɗar ta tashi gadan-gadan. Likita ya ce ko dai ya daina ɗaga nauyi, ko jijiyar ta tsinke gaba ɗaya. Ɗansa Medhat, mai gyaran waya a unguwar Sidi Bishir, bai yi wata-wata ba ya samo masa aikin gadi a wani dogon gini. Ya zo ya same mu a rumfa.

"Baba, kujera ce kawai da inuwa. Ka buɗe ƙofa, ka rufe ƙofa. Mai ginin ya ce zai jira ka har shigowar sanyi."

"Shigowar sanyi?" in ji Yaya. "Lokacin nawwa kake so in zauna ina gaida masu mota?"

Nawwa ita ce guguwar sanyi da ke tayar da teku ta kwashe saman yashi, abin da ya shekara goma a binne ya fito fili. Ita ce kakar masu wannan sana'a. Yaya yana jiranta kamar yadda manomi ke jiran girbi.

"To kafaɗar fa?" in ji Medhat.

"Ba teku ce ta ci ta ba yanzu, rariya ce. In na samu marar nauyi shi ke nan."

Suka yi yarjejeniya a gabana. Idan kafaɗar ta kai shi nawwa lafiya, Medhat zai bar maganar gadi har abada. Idan ta sake kwantar da shi ko sau ɗaya, zai karɓi kujerar ba musu. Ni ce shaida, ina riƙe da buta.

Sai aka shiga neman rariya. Yaya ya sayi ta roba a wurin masu kayan wasan yara, ya taka ta sau ɗaya a jiƙaƙƙen yashi ta ce ƙaras. Ya aro wata ta siririn alminiyom, kafin azahar bakinta ya lanƙwashe kamar cokalin da yaro ya tauna. Daga nan ya koma wurin Usta Ragab ya zana masa abin da yake so a ƙasa da tsinke: jikin na alminiyom mai kauri, leɓen na farin ƙarfe don ya yanki yashi, ƙotar ta itace, hujin kuwa ƙanana irin na tsohuwar.

"A kaina da idona, an gama, Baba Shahata," in ji Usta Ragab. "Gobe in Allah ya yarda."

Goben nan ta Usta Ragab ni na san ta. Na je da ƙafata har ƙofar maƙerarsa ba sau ɗaya ba.

"Usta, ina rariyar yayana?"

"Hajiya Ihsan, huda alminiyom ƙanana-ƙanana aiki ne na natsuwa. Kin ga ƙofofin nan na mutane."

"Ƙofa tana da kafaɗa ne? Tana kwana tana nishi?"

"Gobe, wallahi gobe. Ki gaida Baba."

Ana cikin haka, wata Juma'a muna cin soyayyen kifin sardin da shinkafa a gidan Medhat, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani dogon kwali. Matarsa tana murmushi, surukansa suna zaune, har da maƙwabci. Ya buɗe, sai ga rariya tana walƙiya, wai ta waya ya yi odarta daga ƙasar waje. Ya miƙa wa ubansa da yatsu biyu don a ga rashin nauyinta. Kowa ya ce masha Allah. Ni kuwa idona na kan Yaya. Na ga ya zura ƙaramin yatsansa a huji ɗaya, yatsan ya shige har gaɓa. Ya zaro shi a hankali, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ni ba na iya haɗiye magana. Na ce, "Medhat, hujin nan ai ko kifi zai bi ta ciki. Ka tambaye shi kuwa kafin ka saya?"

"Gwaggo, ke dai shayi kika sani. Yawan hujin ne ya sa ba ta da nauyi."

A kan hanyar gida na sa Yaya a gaba da faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ihsan, ɗana ya ba ni kyauta a gaban surukansa. In ce masa me? In ce bai iya ba? Zan riƙe ta kafin ta Usta Ragab ta fito."

Gaskiya dai gaskiya ce, ya ji daɗinta. Kyan ɗan maciji ke gare ta. Ya koma yin fito yana aiki, yana ɗaga hannu ya gaida masunta daga nesa, har ya ce mini yanzu yana barci ta gefen dama, abin da ya manta rabonsa da shi. Tsohuwar rariyar ya jingine ta a bayan rumfata. Har ni na fara cewa wataƙila bakina ne ya yi yawa.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta bazara motocin ƙauye suka cika gaɓar, ba masaka tsinke. Bayan azahar wata mata ta zo rumfa a guje da yarinya ƙarama a kafaɗa, kunnen yarinyar ɗaya babu komai. Ta ce an ce mata akwai tsoho mai nemo abin da ya ɓata. Ɗan kunnen nan, uwar mijinta ce ta sa wa yarinyar shi da hannunta ranar suna, kuma tsohuwar ta rasu. Mijin yana biye da ita, ƙato mai tumbi da murya, yana zaginta tun daga nesa. Yaya ya ce ta nuna masa inda suka yi wasa. Wurin daidai inda ruwa ke zuwa ya koma ne.

Na bar rumfa na bi su. Bai daɗe yana shafawa ba na'urar ta yi kuka. Ya taka rariya, ya ɗago, ya girgiza. Dukanmu muka ga ɗan abu ja ya yi walƙiya a cikin yashin. Matar ta ce, "Ga shi nan!" Kafin ta rufe baki ya bi ta huji ya faɗa ruwa, igiya ta zo ta shafe wurin.

Yaya ya tsaya yana kallon rariya babu komai a ciki. Sai mijin ya damƙi hannun rigarsa.

"Ina ka sa shi? Mun gani da idonmu! Buɗe hannunka, tsoho. Ai mun san dabararku, ku masu tsince-tsincen nan, ku nuna wa mutum abinsa sannan ku ɓatar da shi a hannun riga."

Mutane suka taru. Waɗanda suka san Yaya ba su kai goma ba, sauran duk baƙi ne, kuma baƙo ba ya son komai kamar a kama ɓarawo ya samu labarin kai wa gida. Yaya ya buɗe hannuwansa, ya juye aljihunsa, murafan kwalba suka zube. Mutumin ya ce to a baki ya sa. Yayana, mai furfura, mai jikoki, ya buɗe bakinsa a gaban jama'a wani ƙato ya leƙa. Har in mutu ba zan yafe wannan ba.

Yaya ya juyo ya ce, "Ihsan, kawo mini tsohuwar."

"Yaya, kafaɗarka. Ka tuna yarjejeniya."

"Na ce ki kawo."

"Ka bar shi ya kira 'yan sanda mana! Kowa ya san ka a nan."

"Shi bai san ni ba," in ji shi. "Zai koma garinsu ya ce tsohon Mandara ya saci ɗan kunnen jaririya."

Na kawo masa, ina jan ta a ƙasa don nauyi. Ya shiga ruwa har gwiwa. Ɗan kunne ƙarami ne, igiya tana ta yawo da shi, na'urar ta yi kuka nan, kafin ya taka ta koma yi can. Kowane ɗagawa ina jin nishinsa daga inda nake tsaye. Aka kira la'asar yana ciki. Masu kallo suka gaji suka koma cin masararsu. Direban motar ƙauyen ya fara danna oda. Can na ga ya ɗago rariya cike, ya kai ta rabi, sai hannun daman ya saki kamar an yanke igiya. Bai bar ta ta faɗi ba. Ya tare ta da gwiwa da hannun hagu, ya jawo ta zuwa busasshen yashi yana rarrafe, ya juye. Ɗan kunnen yana kwance a gindin rariyar, a kan ƙananan hujin nan.

Matar ta durƙusa za ta sumbaci hannunsa. Mijin ya fizge ɗan kunnen, ya ɗaga shi sama ya nuna wa jama'a.

"Kun gani ko? Da aka matsa masa ai ga shi ya fito da shi."

Shi ne mutumin da na watsa wa shayi. Abin da ya ba ni haushi kawai shi ne shayin ya riga ya huce.

Jijiyar ta tsinke. Medhat ya zo asibiti yana kuka yana cewa da ya sani. Yaya bai jira an tuna masa yarjejeniya ba. Ana kwance masa bandeji ya ce a kai shi ya ga kujerar.

Ranar da nawwa ta farko ta sauka, teku tana dukan bangon gaɓa, sai ga Usta Ragab da kansa a rumfata, ya lulluɓe kai da buhu, yana riƙe da rariya. Komai yadda Yaya ya zana: leɓen farin ƙarfe, ƙotar itace, huji ƙanana, ga ta ba nauyi, ko ni da hannu ɗaya na ɗaga ta.

"Ga ta, Hajiya. Na ce miki aikin natsuwa ne."

"Ihu bayan hari, Usta. Rataye ta can kusa da zobban, in mai ita ya zo ya ɗauka."

Da ruwa ya tsagaita na kai wa Yaya shayi a wurin gadinsa. Ginin ya juya wa teku baya, ana jin rugugin amma ba a ganin komai. Na same shi yana share bakin ƙofa da hannun hagu, iska ta kwaso yashi ta tara masa a kan matakala. Wani mai mota yana danna masa oda ya buɗe. Yaya bai ji ba. Ya tsuguna, ya ɗebi yashin da ya tara a tafin hannunsa, ya buɗe yatsunsa kaɗan-kaɗan yana girgizawa, yana duba abin da zai rage.