'Yan Hayana na Farko Buhunan Citta Ne

Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Kafanchan lokacin da ciwon son zama mai gidan haya ya kama ni. Laifin waya ne. Na daɗe ina kallon wasu masu kwat suna bayanin yadda mutum zai miƙe ƙafa gida yana yi masa aiki. Ni da na gaji da alli da surutun yara, maganar ta shige ni sosai. Har na fara gyara wa mutane baki a taron zumuntar mata na majami'armu. In wata ta ce ta sayi fili, sai in ce mata ai jari ake cewa.

Da na kwashi adashi sai na nemi dillali, wani dattijo mai fara'a da muke sujada a majami'a ɗaya. Ya ce akwai fuloti kusa da jami'a, ɗalibai na neman ɗaki kamar su yi kuka. Ya goya ni a babur ɗinsa. Duk hanya yana ba ni labarin wahalar da ya sha kafin a ba shi matarsa, ina ta dariya, ban lura da nisan da muka yi ba. Muka tsaya cikin ciyawa, gindin wata ɗorawa.

"Baba, ina jami'ar?" na tambaye shi.

Ya yi nuni da haɓa. "Ga shi can, Malama. In sun kunna janareto, kana ji daga nan."

Na kasa kunne. Kurciya kawai na ji. Amma na gyaɗa kai, don kada ya ɗauka ban san harka ba.

Maigidana ma'aikacin asibiti ne, ba ya son gardama. Ya je ya gani, ya dawo ya ce iskar wurin tana da kyau. Na san abin da yake nufi sarai, na dai zaɓi in ɗauka yabo ne.

Ɗaki uku na gina. Na sa tayil, na sa silin, na shafa fenti ruwan hoda don in jawo 'yan mata, tunda an ce sun fi maza tsabta. Na riƙa tsayawa gaban madubi ina gwada fuskar da zan yi wa 'yan haya: ban da kiɗa, ban da baƙi, ban da shanya a kan taga.

Wasu ɗalibai biyu suka zo dubawa a kan acaɓa. Ɗayar ta sauko tana miƙa, ta ce, "Anti, nan Kafanchan ne har yanzu, ko mun shiga Kagoma?" Ban sake ganinsu ba. Zango ya wuce, wani ya shigo. Kowace Asabar in je in share, in buɗe tagogi, in kori ƙadangaru, in kulle in dawo. Ƙawata mai sayar da atamfa a kasuwa, 'yar Ibo haifaffiyar layin reluwe, ta raka ni sau ɗaya. Ta zagaya gidan a tsanake ta ce, "Ya yi kyau, ƙawata. Saura ki ɗauke shi ki kai gari."

Bayan an tone amfanin gona sai ga ƙanin mahaifina daga Kagoma. Manomin citta ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana.

"'Yata, na ji kana da ɗaki babu mutum. Bari in ajiye buhu kaɗan kafin kasuwa ya tashi."

Ina da doguwar magana a shirye game da raba zumunci da sana'a. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Baba."

Kaɗan ɗin nan a-kori-kura guda ce, maƙil. Aka jibge buhuna a kan tayil ɗina har suka taɓa silin. Kafin wani lokaci, tun daga gindin ɗorawa kana jin yajin citta a hanci.

A daidai lokacin ne ɗan haya na gaske ya zo, wani matashin malamin jami'a mai babur, wanda shiru yake nema. Na kai shi ɗakin da ke kusa da na buhunan. Yana shiga ya fara atishawa. Ya yi ƙoƙari, bawan Allah, har ya tambaye ni zancen ruwa, hawaye na zuba masa. Daga ƙarshe ya yi godiya ya hau babur. Na zauna a dakali na yi kuka, ina yi ina atishawa ni ma.

Ba a jima ba wani mutum ya tare ni a ƙofar makaranta. Mai sayen citta ne daga wajen Nok.

"Madam, ke ne mai sito a bayan gari?"

Raina ya ɓaci. "Gidan haya ne, na ɗalibai."

Ya ce shi dai ya ga wurin a bushe yake, kuma babbar mota za ta iya juyawa. Sauran ɗaki biyun yake so. Bai nemi ragi ba. Na amince ina ɓata fuska, wai don ya san alfarma na yi masa.

Shekarar da ta biyo, tun damina manoma suke kama ɗaki. A majami'a aka sa mini suna Maman Citta. Girman kaina da ya kwanta ya sake tashi. Na fara cewa da ma na hango haka tun farko, har na yi wa matan zumunta jawabi a kan hangen nesa, maigidana yana zaune a baya yana duba silin.

Sai cuta ta faɗa wa citta, ta ruɓe a cikin ƙasa. Na je Kagoma gaishe da Baba. Ya kai ni gona, ya tona da hannu ya nuna mini, abin ya zama kamar kunu. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ka yi haƙuri, 'yata, bana ba zan cika maka ɗaki ba." Shi da ya rasa abincin shekara, ni yake ba haƙuri. Haka na hau mota na dawo gida.

Ɗakunan suka koma fayau. Ina shirin komawa shara ta Asabar sai wani kafinta ya zo neman wurin ajiya, ya ce shagonsa ya yi masa kaɗan. Na ba shi ɗaki biyu, na bar ɗaya saboda Baba. Sai ranar da ya kawo kaya na ga abin da yake ƙerawa: akwatunan gawa, masu sheƙi, an jera su tsaf.

Da na faɗa wa maigidana, sai ya ce aƙalla ba za su yi kiɗa ba.

Kafintan yana nan har yau, mutumin kirki. Ran nan na je duba kwanon rufin da ke yoyo, ya rako ni bakin hanya, ya rage murya ya ce, "Malama, in buƙata ya taso, ke da Oga akwai ragi." Na yi masa godiya, na ce ba ma sauri.