Gyaran Inna

Da tiya ɗaya da buhu biyu na fara sana'ar wake a kasuwar Bukkuyum. Ban gaji jari ba. Abin da na gada wurin Inna, mahaifiyata, shi ne hannu: idan ka auna wa mutum, sai ka sake tsoma hannu ka ƙara masa. Gyara ke nan. A wurinmu, wanda ya miƙa maka awo a shafe, ko dai yana fushi da kai, ko kuma gidansu ba a koya masa komai ba. Da gyara na yi suna, har manoman Gwashi suka riƙa wuce wasu 'yan kasuwa su kawo mini kayansu, don sun san mai ƙara wa mai saye ba ya danne mai sayarwa.

Bayan na buɗe sito a Gummi, wani kamfani mai manyan shaguna a Abuja ya nemi in riƙa kai masa tsintaccen wake a leda, kilo ɗai-ɗai, cikin katan. Suka turo ledojinsu masu tambari, da injin liƙe baki, da dogon bayani kan ƙa'idojin karɓar kaya. Na duba farashi da lokacin biya, sauran kuwa na ce surutun 'yan boko ne.

Na tara matan unguwarmu, yawancinsu tsofaffi ne da waɗanda mazansu suka rasu, Inna ce shugabarsu. Su sheƙe, su tsince, su zuba a leda, su ɗora a sikeli. Da sikeli ya nuna kilo, sai Inna, da yake ita ce mai awo, ta ƙara ɗan hannu kafin a liƙe. Da idona na gani, na kuma ji daɗi. Na ce yau mutanen Abuja za su san da wa suke ciniki.

Mota ta bi ta Anka ta tafi. Da kuɗi suka shigo, sai na ga an yanke rabin ribata. Na saka babbar rigata na bi sawu.

A ma'ajiyarsu aka haɗa ni da jami'ar karɓar kaya, yarinya sa'ar 'yata ta fari. Wasu masu kawo kaya suna zaune a benci suna jiran layi.

Ta ce, "Alhaji, wannan shi muke kira cajibak. Idan kaya suka saɓa ƙa'ida, abin da kamfani ya kashe wajen gyara su sai a cire daga kuɗin mai kaya. Naka nauyin ne bai dace da abin da aka buga a leda ba."

Na ce, "Wakena ne ya gaza?"

"Bai gaza ba. Wucewa ya yi."

Na fashe da dariya, na juya ga 'yan benci don su taya ni. "To ai gyara ne, 'yata! Kyauta na ba ku."

Ba ta yi dariya ba. Ta kai ni bayan wasu kaya ta nuna mini katan-katan ɗina, sun kumbura kamar cikin akuya mai 'yan biyu. Ledoji sun cika har baki, liƙin ya ɓalle, wake ya watse a siminti, wani lebura yana share shi da tsintsiya. Ta lissafa mini a hankali: tarar saɓa nauyi, kuɗin ledojin da suka fashe, ladan waɗanda suka sake awo. Sannan ta ce idan aka sake samun haka, za a cire ni daga masu kawo kaya.

Wani mai garin rogo daga benci ya ce, "Alhajin Allah, ka yi kyauta an ci ka tara!" Dariyar da na nema ta zo, amma a kaina. Na tattara hannun rigata na fita, ban ma yi sallama ba.

Asarar ba ta hana ni barci ba, na sha ganin wadda ta fi ta. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, lodi na biyu yana sito an gama liƙe shi, duk da gyara. In ya tafi haka, aikin matan nan ya ƙare, kuma da shi wasunsu suke ɗora tukunya.

Da na dawo gida, na kasa faɗa wa Inna da baki. Da safe na ɗauki reza da cokalin shayi, na zauna gaban sikeli, na tsaga leda na fara ragewa. Faya-fayan masu tsinta suka tsaya cak.

Inna ta ce, "Kai, mi kaka yi hakanga?"

"Ragewa nika yi, Inna. Mutanen ba su son gyara."

"Ba su so? Akwai ɗan Adam da ba ya son gyara?"

"Injinsu ne bai san shi ba."

"To inji ka cin waken?"

Wata ƙawarta ta leƙo ta ce, "Alhaji, in cokalin ya yi maka girma, ga tsinken sakace." Aka kwashe da dariya, ban da Inna. Tana ta kallon hannuna, hannun da ta koya wa ƙari. Duk da haka ban ajiye cokalin ba.

Can ta miƙe ta karkaɗe zanenta. "Ni dai ban iya ba mutum awo a shafe. Sa wata nan." Ta koma cikin masu tsinta, kuma har yau ba ta sake taɓa sikelin ba.

Kwangila ta ɗore, matan suna nan suna aiki, ba a sake yankar mini ko sisi ba. Labari kuwa ya riga ni isa Bukkuyum. Ranar kasuwa sai in ji daga nesa, "Mai cokali, an shigo?" In ɗaga hannu in wuce.

Duk ranar lodi, idan an gama ɗaure tamfol, Inna takan fito da tiya a cike har da tozo, ta juye wa direba a leda, ta ce, "Ka kai ma mutanen nan gyaransu." Direban ya dube ni, ni kuma in dubi taya. Mun san a gidansa na Anka waken yake sauka. Nakan zagaya bayan mota in tsaya ina jan igiyar da ba ta kwance ba, har sai ta shige gida.