Rijiyar da na'ura ba ta sani ba

Shekarata ta biyu ke nan a biron kiwo na Dakoro, wato ofishin kula da dabbobi. Ni ce mai shigar da garkuna a ordinater, wato kwamfuta, bayan an yi musu allurar rigakafi. Manhajar tamu hawa biyu ce. A ƙasa akwai injin da wani ya rubuta da yaren kwamfuta na C++, ban taɓa ganin mutumin ba. A sama 'yan layukana ne na yaren Python. Tsakaninsu akwai gada, wadda na'ura ke ƙerawa da kanta daga wani ɗan fayil.

Wata Laraba, ana gab da shuka, wani dattijo makiyayi ya zo neman takardar shaidar allura. Shanunsa na wajen Kornaka, yana so ya kora su arewa zuwa Azagor. Ba takarda ba wucewa, ga hadari ya fara haɗuwa. Ruwa na sauka manoma za su shuka, hanya ta ƙuntata.

Na tambaye shi inda yake shayarwa, da yake da sunan rijiya manhajar ke nemo garke. Ya ba ni sunan kakansa, don a wurinmu rijiya da sunan wanda ya haƙa ta ake kiranta. Na rubuta, na danna, manhajar ta mutu ba ko sallama. Sau huɗu ina tayar da ita tana faɗuwa. Ni dama fushi ba ya mini wuya, har na daki tebur.

Dattijon ya ce, "Ɗiyata, mi ta ce?"

Na ce, "Baba, ba ta ce komi ba."

"Abu ba ya hwaɗuwa hakanan. Ta hwaɗi, ke ce ba ki jiya ba."

Na ji haushin maganar, amma na buɗe bayanan gadar a wayata. Ashe gaskiyarsa. Injin yana kai ƙara duk lokacin da aka nemi abin da babu, da sunan std::out_of_range. Gadar ce ba a umarce ta ta tare ƙarar ba, Python bai ji ba, sai komai ya rushe. Layi ɗaya na ƙara a fayil ɗin, na sa aka sake ƙera gadar.

Da na leƙa abin da na'urar ta rubuta, sai na tsaya ina karantawa. A bakin kowane aiki ta ajiye mai tarewa, kowace ƙara da takwararta a Python. Wasu mutane da ba su san akwai Dakoro ba sun zauna sun lissafa hanyoyin da abu zai iya lalacewa, sun tanadar wa kowace suna. Har yau in na tuna sai mamaki ya kama ni.

Na sake dannawa. Wannan karon ba ta mutu ba. Ta rubuta IndexError, ta ce babu wannan rijiyar a jerinta.

Na ce, "Baba, rijiyar tana da wani suna?"

Ya ce ƙanen mahaifinsa ya taɓa ɗaure bakinta da siminti, watakila shi masu rubuta sunayen rijiyoyi suka tarar. Na sa sunan ƙanen mahaifin nasa, garken ya fito, takarda ta fito.

Ya naɗe ta ya cusa a rawani. Na zaci zai yi sauri, iskar ruwa ta riga ta taso. Sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗiyata, ki sa mata sunan kakana. Shi ya gina ta da hannunai, rani biyu."

Bai tafi ba sai da na sa sunan kakan, na juya masa allon, na nuna masa layin da yatsa.