Falmata ta tafi da sunan itacen

Wayyo Allah, Falmata ta rasu. Ina idar da sallar asuba ɗanta ya bugo min. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku yi haƙuri da rubutun.

Ƙawata ce tun muna 'yan mata a unguwar Kwaciri, kafin a ba mu mulkin kai. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Innarta mutuniyar Baga ce, a bakin Tafkin Chadi, kuma abin da ta fi ji da shi cikin kayanta wani katako ne, tsawon kamu ɗaya.

A kansa take gasa kifi. Duk ranar da ɗanyen kifi ya shigo kasuwar Sabon Gari daga Wudil, mu za ta aika. Tun safe za ta jiƙa katakon, ta tsaga karfasa, ta kafe ta da tsinke, ta jingina a gefen garwashi. Ba a ɗora shi bisa wuta. Ta ce haka kakanninta masunta suke yi a tsibiri. Ƙamshin itacen ne yake ratsa kifin.

Wallahi har yau ban ci irinsa ba.

Ni da rawar kai na ce ai katako katako ne. Na samo murfin akwatin kananzir a Sabon Gari na gasa wa babana. Loma ɗaya ya furzar, ya ce, "Ladi, fitila kika dafa min?" Falmata ta yi dariya har da hawaye. Can sai ga ta da nata rabon na kifin Innarta a ɓoye cikin mayafi, ta ce in kai masa in ce ni na sake yi. Haka take.

Wata biyu da suka wuce jikana da ke Kanada ya turo min bidiyo. Ana gasa wani jan kifi, salmon, a kan jiƙaƙƙen katako. Ya ce Turawa sun koya ne wajen 'yan asalin ƙasar, masuntan da suka tarar a bakin teku. Na hau adaidaita har Rijiyar Lemo na nuna wa Falmata.

Sau uku ta kalla.

"Su sun riƙe nasu," in ji ta. "Namu fa, Ladi? Katakon Inna ya daɗe da tsagewa, yara suka hura wuta da shi. Na yi mata alkawari ba zan bari abin nan ya ɓace ba, ga shi ni kaɗai na san itacen."

Na ce to faɗa min mana.

"Da yarenmu kawai na san sunansa, kuma na san ki, kafin ki kai mahaɗar Bata kin manta. Ki zo da karfasa mu je wajen masu katako, in shinshina in nuna miki. Kar dai ki kawo min akwatin kananzir."

Na ce sati mai zuwa. Sai ciwon gwiwa, sai biki, sai na ce cunkoso ya yi yawa. Kaico! Jiya na sayi kifin, da niyyar yau zan je.

Na tambayi ɗanta, na kira 'yarta, babu wanda ya sani. Ko a takarda ban sa ta faɗa na rubuta ba. Me ya hana ni? Me nake jira?

Don Allah don Annabi, mutanen Baga da duk wanda ke da tsohuwa daga can, ku tambayar min. Itacen ja ne da duhu, yana da nauyi, in ya jiƙe ƙamshinsa kamar ƙasa bayan ruwan farko. Iyakar abin da na riƙe ke nan. Ku yi sharin, ku yaɗa rubutun nan, ko Allah zai sa wani ya gane.

Ya Allah ka jiƙan Falmata, ka haskaka kabarinta, ka sada ta da Innarta a Aljanna. Duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a. Ni kuma ku roƙa min Allah ya sa ta yafe min, don sau biyu tana aiko min in zo ban je ba, kifin kuwa ga shi nan a firij.