Mai Farin Zani a Tashar Ikara

Badi'a mai sayar da zoɓo a tashar Ikara ta kasa ɗauke ido daga wata mata. Siririya ce, tana tafe tana ɗan jan ƙafar hagu, zaninta fari sol, tafin hannunta ya sha lalle. Ba ta neman kujerar baya a motar Makarfi. A tsakiya ta zauna daram.

Wata dattijuwa da ke gefen matar, da alama 'yar garinsu ce, tana toshe hanci da bakin hijabi. Nan take Badi'a ta gane, don ta yi jinyar yayarta mai yoyon fitsari, ta san dokar masu ciwon: ba farin kaya, ba gidan biki, ba shan ruwa in za a hau mota. Wannan kuwa, ko ba a faɗa ba, an yi mata aiki ta warke.

Matar ta leƙo ta taga. "Miƙo min zoɓo, babbar gora."

Ta kafa kai ta shanye tas, ta goge baki, ta dubi dattijuwar.

"Inna, saki hancinki ki sha iska. In kujerar nan ta jiƙe kafin Makarfi, ki ba duniya labari."