Kitsen da Ban Taɓa Gani a Jikin Sa Ba

Salamu alaikum jama'a. Kusan shekara guda ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu tambayar ina Musa mahauci ya shiga, ga ni, da raina.

Abin ya fara ne da wani ƙullutu a wuyana, gefen hagu. Ba ya ciwo, don haka na share shi. Sai rama, sai gumi kamar an watsa min ruwa, wuƙa ma ta soma yi min nauyi a mayanka. Matata Hadiza ce ta tasa ni gaba zuwa asibiti a nan Fatakwal.

Suka yanki ɗan nama suka auna. Kansa ce.

Wata shida ina shan kemo, maganin kansa mai ƙarfi. Gashi ya zube, har gemu. Ni da na girma cikin nama, ƙamshin tsire ya koma sa ni amai.

Da aka gama, likitata ta ce saura hoto ɗaya da zai nuna ko ciwon ya mutu, kuma sai a Legas ake yinsa. Za a yi min allurar wani ruwan sikari, duk inda ciwon ya rage zai zuƙe shi ya fito a hoton. Tsadarsa ta sa na sayar da babur ɗina.

Aka ba ni takardar sharuɗɗa da Turanci. Abu ɗaya na riƙe a ciki: kada na ci komai kafin hoton.

A Legas na sauka wurin Alhaji Ila, ɗan garinmu, shi ma mahauci. Hoton sai da rana, ga zafi, ga yunwa. Ku da kuke wannan sana'a kun san abin da muke yi in azumi ya zo da zafi: ɗakin sanyin ajiye nama muke shiga mu huta. Alhaji ya ce, "Haba Malam Musa, baƙona mara lafiya ya zauna cikin wannan rana? Shigo ciki." Ya sa min kujera tsakanin cinyoyin shanu. Na fi awa biyu a ciki da 'yar riga mara nauyi, har haƙorana na haɗuwa, ina ta sa masa albarka. Daga nan na wuce asibiti.

A motar dawowa na kasa haƙuri, na buɗe ambulan ɗin da aka sa hoton a ciki.

Baƙin tabo a wuya. Ba hagu kaɗai ba, har dama. Ga shi a kafaɗu, ga shi jere a gefen ƙashin baya.

Na rasa gane komai. Ƙullutun ya ɓace, na shafa babu shi. Abinci ya fara shiga. To mene ne wannan? Wata shida na wahala don ciwo ɗaya ya zama goma? Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da aka fara faɗa min.

Na ce wa Hadiza ta haɗa kaya mu koma Arewa. Ba zan sake shan kemo ba, gara na mutu kusa da kabarin mahaifina.

Ta ce, "Baban Sadiya, yaushe ka zama likita? Mu kai mata takardar. In ta ce mu tafi, ni zan ɗauki jakar."

Likita ta daɗe tana kallon hoton. Sai ta ɗago ta ce, "Oga Musa, you enter cold place that day?" Wai ko na shiga sanyi ranar.

Na ba ta labarin ɗakin Alhaji Ila. Ta dafe kai.

Ta ce akwai wani kitse mai ruwan ƙasa a wuya da kafaɗun mutum, aikinsa ƙona sikari ya ɗumama jiki in an ji sanyi. Jarirai sun fi shi yawa, amma manya ma suna da saura. Sanyin da na sha ya tashe shi, ya zuƙe allurar, ya fito a hoto kamar ciwo. Shi ya sa tabon ya zo daidai hagu da dama.

Na ce, "Likita, shekara ashirin ina feɗe shanu. Na san farin kitse, na san mai ruwan ɗorawa. Wannan ban taɓa jin sa ba."

Ta ce yanzu na ji. Amma da yake a wuyan ciwon ya fara, ba za ta rantse cewa babu wani abu ɓoye a ƙarƙashi ba. Dole a sake hoton.

Sati ukun da na jira, ban san ko mai lafiya ne ni ko mai shirin tafiya ba.

'Yan uwana mahauta suka haɗa min kuɗin komawa. Wannan karon Hadiza ta bi ni. Cikin zafin Legas ta sa min rigar sanyi, ta lulluɓe ni da bargo, mutane na kallona a hanya. Alhaji Ila kuwa ko fanka bai yarda an kunna ba.

Hoton ya fito fes. Babu tabo ko ɗaya.

Na yi kuka a gaban likita, ban ji kunya ba.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitata, da 'yan mayanka, da Alhaji Ila da har yau yake ba ni haƙuri a kan alherin da ya yi min.

Shawarata: in ka ji ƙullutu, ko ba ya ciwo, je asibiti. In an ba ka takardar sharuɗɗa, nemi mai karanta maka ita har ƙarshe. Tawa an rubuta a guji sanyi, a layi na uku. Kuma kada ka yanke wa kanka hukunci a cikin mota.

Jakar da na ce Hadiza ta haɗa ta komawa gida, sai kwanan baya na buɗe ta. Ashe ko tsinke ba ta taɓa sakawa a ciki ba.