Ni na haifa, ita aka yi wa gaisuwa

Waɗanda ke gida ran nan: ni Hajara, da yayata Falmata mai ciwon ƙafa, da autata Zara, sai ɗana na fari. Shi ba na faɗin sunansa. Haka muka tarar: uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta kallonsa gaban mutane. Ran da aka yaye shi Falmata ta goya shi zuwa ɗakinta. Ita yake ce wa Inna. Ni Yaya.

Laraba ce. Da hantsi ina surfe. Shi yana bakin rijiya yana shayar da awaki. Na hango shi ta saman danga, na kawar da kai kamar kullum.

Sai ƙarar moto, babura, ba ɗaya ba. Garinmu can gabas yake, mun san abin da wannan ƙara ke kawowa. Kaji suka watse. Harbi ya tashi daga wajen masallaci, ɗai-ɗai, sannan ya haɗe.

Ni na fara ganinsu. Ta bayan rijiya suke zuwa, shi kuwa ya ba su baya. Na buɗe baki. Sunan yana kan harshena, tun haihuwarsa nake riƙe da shi, ya ƙi fita.

"Kai! Kai wannan!"

Bai waiwayo ba. Wa ke amsa wannan?

Falmata ta leƙo, ta kira shi sau ɗaya. Ya yar da guga. Ya zo a guje, ya wuce ni, har rigarsa ta shafi hannuna. Ita ya goya.

"Yaya, ja Zara, ku bi kwari!"

Rabona ke nan.

Muka bi kwari. Su nauyi ya hana su sauri. A gindin tudun yashi harsashi ya same shi, ya faɗi a kanta. Har azahar tana ƙarƙashinsa, mutanen nan suka ɗauka gawa biyu ce. Da la'asar mazan da suka rage suka rufe shi a wurin.

Kamiyon dabbobi, babbar mota, ya kawo mu Gure. Wani malamin lakwal, makarantar boko, ya ba mu ɗaki. Matan unguwa suka zo gaisuwa, suka zauna gaban Falmata. Allah ya ba ki haƙuri, Falmata. Ni ina miƙa musu ruwa. Zanen da jininsa ya jiƙa Falmata ta ƙi wankewa, ta naɗe shi ƙarƙashin kanta. Ban roƙa ba. Ni ba na roƙo.

Da suka watse na tambaye ta me ya ce a ƙarshe.

"Inna ya ce."

Washegari bayan asuba na sauka kwarin dabino, masu lambu ba su fito ba tukuna. Na duba gabas, na duba yamma, ba kowa. Na ce, "Mamadu." A hankali. Na sake, da ƙarfin da ya kamata in yi ran nan.

Sannan na hau, na dama wa Falmata kunu.